Na-Iya da Igiyar Akuya

Ku gyara zama, ga wata nan tafe da igiyarta a hannu.

A wata jami'a, a hawa na biyu na ginin masu karatun lantarki, akwai wani ɗaki mai tebur goma sha biyu. A nan ɗalibai ke koyon aiki da hannu: su haɗa waya da waya, su liƙe da dalma, su kunna su ga abin da suka karanta a littafi ya motsa a gabansu. Abin da aka fi ji da shi a ɗakin wasu 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe, kowace ba ta kai ƙwallon dabino ba, da ƙafafun ƙarfe jere gefe da gefe kamar na ƙwaro. Masu gyaran rediyo aisi suke ce musu. A cikin wannan ɗan abu duk wayon na'ura yake.

To, aisi yana da maƙiyi guda, kuma a jikin mutum yake zaune. Kowa ya san ƙyas-ƙyas ɗin da kan tashi idan aka tuɓe rigar leda, ko ɗan cizon da mariƙin ƙofa kan yi wa yatsa bayan an ja ƙafa a kan kafet. Wannan 'yar wuta ko sauro ba ta kashewa, amma in ta shiga aisi ta gama da shi. Ba hayaƙi, ba wari. Yana nan baƙi ƙirin kamar lafiyarsa lau, alhali gawa ne. Shi ya sa ake ajiye shi cikin wata jaka mai ruwan azurfa, kuma dokar ɗakin guda ce: kafin ka taɓa shi, ka ɗaura wani ɗan maɗauri a wuyan hannu, mai doguwar waya da aka maƙala a ƙarfen tebur, don wutar jikinka ta bi ta nan ta sauka ƙasa.

Mai kula da ɗakin wani dattijo ne da ake kira Baba Mai Makulli, shekara talatin yana wannan aiki. Yana da mataimaka biyu. Ɗaya Malama Shiru ce, wadda in ka yi mata magana mai tsawon zira'i goma, amsarta "To." Ɗayan kuwa shi ne gogan namu, Kawu Na-Iya. Da can gyaran rediyo yake yi a bakin titi, aka ɗauke shi don ya riƙa ɗauko kaya daga sito yana goge tebura. Sunan nan bai faɗo daga sama ba. Ba a taɓa ambaton wani aiki a gabansa ya bari an kai aya ba, sai ya dafa ƙirji ya ce, "Na iya!" Shi ne ya laƙaba wa maɗaurin nan suna igiyar akuya, kuma ba ya ɗaura shi sai in ya ji tarin Baba a bakin ƙofa.

Ana nan sai lokacin ajiye aikin Baba ya yi, ya kuma zo daidai da makon da wasu manyan baƙi za su zo duba yadda ake koyarwa. Shugaban Sashe ya kira mataimakan biyu ofis.

"Baba zai tafi cike takardun ajiye aiki, ba zai dawo ba sai ranar baƙi," in ji shi. "Ɗalibai sun haɗa fitilun kan hanya a kowane tebur, ja da ɗorawa da kore. Saura a sa musu aisi a gyara ɗaki. Ku raba tebura shida-shida. Wanda aikinsa ya fi burge baƙi, shi zan miƙa wa makulli a gabansu."

"Ranka ya daɗe, na iya!" in ji Kawu.

"Ban ce wani abu mai wuya ba tukuna."

"Ko da ka ce, na iya."

Suna fitowa ya tare Malama Shiru a baranda. "Ƙanwata, kar ki wahalar da kanki. Ki riƙe teburin lungu can bayan kabad, ki bar mini sha ɗayan. Babba juji ne, dole ya ɗauki nauyi."

Malama Shiru ta dube shi, ta dubi ƙasa. Ta ce, "To."

Kafin la'asar duk layinsu Kawu ya ji labari. Da ya iso bakin shagon maƙwabcinsa mai aski, bai ko sauka daga babur ba ya fara shela.

"Jibi iyanzu, in za ka gaishe ni sai ka cire hula. Makullin ɗakin gwaji gaba ɗaya zai dawo aljihun nan."

Mai aski ya ɗaga almakashi. "Madalla. Sai ka buɗe ɗakin ka shiga da rediyona, ko a can za ta warke. Tun da ka gyara ta, ba ta magana sai an mare ta."

"Da kafin in taɓa ta, ko an mare ta tana magana?"

"Da ba ta buƙatar mari."

"To ai na ƙara mata ladabi ke nan. Kai dai ka zo jibi da ƙarfe goma, ka ga yadda farfesoshi ke miƙe mini."

"Wallahi zan rufe shago in zo. Irin wannan kallo ba a ba da saƙo."

A gida matarsa, wadda tela ce, tana kan keken ɗinki. Ya zube mata wani yadi mai sheƙi kamar bayan kifi, yadin leda ne zalla, irin wanda in ka motsa yake kuka.

"Maman yara, doguwar riga nake so, gobe da safe."

Ta murza yadin, ya manne mata a yatsu. "Baban yara, wannan ai labulen shagon ɗaukar hoto ne. Yana bin jiki kamar mayya."

"Ke dai ɗinka. Ido ake ba abinci kafin ciki."

Tana cikin yanka sai ta ji ana jan kujeru a falo. Ta leƙa ta tarar yana naɗe kafet ɗinta ja mai gashi.

"Ina za ka kai mini shi?"

"Jami'a. Zai ga abin da bai taɓa gani ba."

"Fankata ma da ka kai ta ganin duniya, ta dawo tana hura bango ta bar mutane. In kafet ɗin nan ya dawo da tabo, kai da shi za ku kwana a tsakar gida."

"Ki zo jibi ki gani da idonki. Matar shugaba ba ta zama a gida ranar naɗi."

Washegari Kawu ya iso jami'a cikin sabuwar riga, da takalman roba masu kauri, kafet a naɗe a bayan babur ya fi babur ɗin tsawo. Mai gadin ƙofa ya tambaye shi ko tashi ya yi daga gida. Ya ce masa ilmi ne ya yi yawa, ake shimfiɗa masa.

Ya shiga ɗaki ya tsaya ya riƙe ƙugu. Aikin farko, ya bi tebur sha ɗaya ya kwance maɗauran hannu kaf, ya dunƙule su ya jefa a aljihun kabad.

"Baƙi su zo su tarar da 'ya'yan mutane a ɗaure a tebur kamar ranar kasuwar dabbobi? Ba a zamanina ba."

Daga nan ya yaye shimfiɗun toka-toka da ke kan teburan, waɗanda aka yi musamman don su sha wutar jiki, ya ce sun yi kama da tabarmar makoki. Ya maye su da ledar tebur mai hoton furanni. Ya shimfiɗa kafet daga bakin ƙofa har gaban allo. Ya murɗa na'urar sanyaya ɗaki har ƙarshe, iska ta bushe ƙayau, leɓe na tsagewa. Sannan ya fara sintiri, yana jan takalman roba a kan kafet, riga na kuka fuu-fuu, yana gwada yadda zai tari baƙi.

Mai shara, wata dattijuwa da ake kira Inna, ta shigo da bokiti. Kawu ya miƙa hannu zai nuna mata inda za ta goge, yatsansa ya taɓi hannunta. Ƙyas!

"Wayyo! Kawu, da me ka tsire ni?"

"Ni? Hannuna wayam."

"Allura ce a hannun rigarka, ko kunama ka ɗauko?"

Kawu ya dubi yatsansa da mamaki, sai kuma ya yi murmushi. "Inna, shekara ashirin ina mu'amala da lantarki. Ya san ni, na san shi. Gaisuwa ce ya aiko miki."

"To ka ce masa na amsa, kar ya ƙara." Ta ɗauki bokitinta ta tafi goge baranda da aka riga aka goge.

Sai aka zo kan babban aiki. Kawu ya buɗe akwatin aisi, ya zazzage su daga jakunkunansu masu ruwan azurfa, ya watsar da jakunkunan a kwandon shara. Ya ɗaga guda ya duba ta taga.

"Dubi yadda suka dushe. Shekara talatin ba wanda ya taɓa goge su. Kai, Baba ya yi sakaci!"

Ya hura wa aisin iska, ya goga shi a hannun rigarsa, gaba da baya, gaba da baya, har ya ɗauki ƙyalli. Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da ƙauna da natsuwa, kamar mai yi wa jarirai wanka. Waɗanda ya gama ya soka a jikin farin soson kwalin talabijin, layi-layi, don baƙi su ga tsari. Daga can lungu Malama Shiru ta ɗago kai, maɗauri a hannunta. Ta buɗe baki.

"Kawu, rigar nan…"

"Na sani, ta yi kyau. Matata ce ta ɗinka. Yi aikinki, ƙanwata."

Ta rufe bakinta. Ta ce, "To." Da Kawu ya fita cin abinci, ta je kwandon shara ta tsince jakunkunan, ta buɗe sito ta ɗauki ƙaramin akwatin aisi na ajiya guda ɗaya da hannun Kawu bai kai gare shi ba, ta sa a ƙasan teburinta.

Ranar baƙi, da ƙarfe tara, ɗalibai suka shigo suka yi cirko-cirko.

"Kawu, ɗaurin aure za a yi?" in ji wani dogo, shugaban aji.

"Ina maɗauran hannu?" in ji wata mai tabarau.

"Na 'yanta ku," in ji Kawu. "Yau ba akuya a ɗakin nan. Kowa ya tsaya a teburinsa, mu gwada kafin su iso. Tebur na ɗaya, kunna!"

Dogo ya danna. Fitilu uku suka dube shi, shi ma ya dube su.

"Ka danna da kyau, ɗan nan. Ba ka karya ba ne?"

Ya sake dannawa. Shiru kamar an aiki bawa garinsu.

"Tebur na biyu!"

Shiru. Na uku ya kunna ja ya ƙi sakewa. Na huɗu ya kunna duka ukun lokaci guda.

"Kawu," in ji mai tabarau, "in aka sa wannan a titi, ko babur ɗinka ba zai kai gida ba."

"Kayan yanzu ne ba su da aminci," in ji Kawu, gumi na tsatsafo masa duk da sanyin ɗakin. "Bari in canza."

Ya ruga gaban allo inda soson yake, yana jan ƙafa a kafet, ya cafko sababbi. Kafin ya soka kowane, sai ya ƙara goga shi a riga don albarka. Ya canza na tebur na ɗaya, shiru. Ya kwashe na biyu ya kai na biyar, na biyar ya kai na tara. Duk wanda ke da sauran numfashi a cikinsu, taɓawa ta biyu ta ƙarasa shi. Na ukun nan da ke kunna ja, yana taɓa shi ya yi sallama da duniya.

"Kawu, ko dai wutar jiki ce?" in ji dogo a hankali.

"Wutar jikin wa? Ni da aisi tun kana cikin zane muke tare. Barci suke yi, ba a taɓa goge su ba sai jiya, daɗi ya kwashe su. Rediyo in ta yi haka, ƙara mata wuta ake yi."

"Takarda ta ce kar wutar ta wuce lamba biyar," in ji dogo.

"Takarda ba ta taɓa gyara rediyo ba."

Ya kama maɓallin akwatin wuta na tebur na shida ya murɗa. Biyar, tara, goma sha biyar. Ɗalibai suka fara ja da baya. Akwai wani ɗan gwangwani a kan allon haɗin, kwandansa, mai ajiye wuta. Ya fara kumbura kamar kuncin mai fushi.

"Kun gani? Ya fara motsi!" in ji Kawu, ya sunkuya ya kai fuska.

Fau!

Farar takarda da auduga suka tashi sama suka sauko a kan hularsa da girarsa da gashin baki. Wari kamar na ruɓaɓɓen kifi ya cika ɗakin. Ɗalibai biyu suka shige ƙarƙashin tebur, mai tabarau ta toshe baki da littafi, kafaɗunta na rawa.

A daidai wannan lokaci ƙofa ta buɗe. Shugaban Sashe ya shigo yana murmushi, bayansa baƙi uku, jagoransu wani farfesa gajere mai sanƙo. Bayansu Baba Mai Makulli, da damin makullai a hannu. Can a taga ta baranda kuwa, ga kan mai aski, ga kan matar Kawu, ga na Inna mai shara.

Baba ya dubi kafet. Ya dubi ledar furanni. Ya dubi soson. Ya nemi kujera ya zauna.

Shi kuwa Kawu, ganin matarsa a taga ya dawo masa da ƙarfin gwiwa. Ya karkaɗe gira, ya taho tun daga ƙarshen ɗaki, yana jan takalmi a kan kafet da taƙama, riga na fuu-fuu, ya miƙa hannu biyu.

"Ranka ya daɗe, barka da zuwa ɗakina!"

Farfesa ya miƙa hannu. Ƙyas! Har shuɗin tartsatsin sai da aka gani. Farfesa ya yi tsalle ya yarfe hannu.

"Kai! Bawan Allah, a soket ka kwana?"

"Gaisuwa ce, ranka ya daɗe," in ji Inna daga taga. "Ni ma jiya an aiko mini."

Shugaban Sashe ya yi gyaran murya. "Farfesa, an ce mini wannan shi ne ya shirya tebur sha ɗaya shi kaɗai. Ɗalibai, ku kunna."

Aka danna sau sha ɗaya. Fitila talatin da uku, ko ɗaya ba ta ƙifta ba.

Farfesa ya zagaya a hankali, hannu a baya. Ya shafa ledar tebur, ta manne masa a tafi. Ya ɗaga soson da sauran aisi ke soke a jiki.

"Wa ya yi wannan tsari?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Suna ƙyalli."

"Da hannuna na goge su, ɗaya bayan ɗaya."

"Da me?"

Kawu ya ɗaga hannun rigarsa da alfahari. "Sau bakwai-bakwai."

Ɗaya daga cikin baƙin ya juya ya fuskanci bango, bayansa na girgiza. Farfesa ya ce, "Ina maɗauran hannu?"

"Igiyar akuya? Na ajiye su, ranka ya daɗe. Mutunci ya fi."

"Mutuncin wa?"

"Na ɗalibai."

"Na aisin fa?"

Kawu ya sosa ƙeya. Sai ya farfaɗo. "Ranka ya daɗe, laifin wutar gari ce. Yau ba ta da ƙarfi."

"Ba ta da ƙarfi ta fasa kwandansa a gashin bakinka?"

"To ta yi yawa ke nan."

"Zaɓi ɗaya."

"Tana hawa tana sauka, ranka ya daɗe."

"Kamar rediyona!" in ji mai aski daga taga. "Farfesa, a gwada marinsu!"

Shugaban Sashe ya rasa inda zai sa fuskarsa. Amma Farfesa bai yi fushi ba, idonsa ma wani haske ya ɗauka irin na malamin da darasi ya faɗo masa a hannu. Ya laluba akwatin kayan aiki ya ɗauko ɗan sukudireba mai ɗan ƙwan fitila a ciki, irin wanda ake gwada wuta da shi. Ya sa aka ja labule. Ya dafa gindinsa da yatsa, ya sa ɗaya hannun a ƙarfen tebur.

"Ɗalibai, ku matso. Malam, koma bakin ƙofa. Taho irin tafiyar ɗazu. Ja ƙafar sosai. Kaɗa rigar. Yawwa. Yanzu taɓa bakin nan."

Kawu ya taɓa. Ƙwan ya yi wal!

Ɗakin ya kaure da ihu.

"Kun gani?" in ji Farfesa. "Abin da kuke karantawa ba ku yarda ba, ga shi da ƙafafunsa da hularsa. Maimaita!"

Kawu ya maimaita sau uku, kowane zuwa da wal ɗinsa. A na ukun har ya fara ɗaga wa jama'a hannu.

Sai Farfesa ya hango wani ɗan haske a bayan kabad. Ya leƙa. Ga Malama Shiru a teburin lungu, shimfiɗar toka a kai, maɗauri a hannu, ɗaliba ɗaya a gefenta ita ma a ɗaure. Ja ya kama, ya saki. Ɗorawa ta karɓa. Kore ya biyo. Suna ta zagayawa cikin natsuwa kamar masu jiran layi.

"Ke kika shirya wannan?"

"E."

"Kina da sauran aisi masu rai?"

Ta sunkuya ta jawo ƙaramin akwatin nan, kowane aisi cikin jakarsa ta azurfa.

"Za ki iya tayar da sauran teburan kafin mu tafi?"

Nan fa Malama Shiru ta yi maganar da ta fi kowace tsawo tun da aka ɗauke ta aiki. "Zan iya, ranka ya daɗe, in an naɗe kafet, an yaye leda, an kashe sanyi, an dawo da maɗaurai." Ta ɗan tsaya. "Kuma in an ɗaure Kawu."

"Ni?" in ji Kawu. "Ƙanwata, ni?"

Baba Mai Makulli ya miƙe daga kujera, ya buɗe aljihun kabad ya zaro maɗauri mai waya mafi gajarta. Ya kama hannun Kawu, sai da ya sha nasa ƙyas ɗin bai saki ba, ya ɗaura masa, ya maƙala ɗaya bakin a ƙafar teburin da ke kusa da taga.

"Shekara shida ina tari a bakin ƙofa don ka ɗaura abin nan," in ji Baba. "Maƙogwarona ya huta."

Ɗalibai suka kama aiki. Kowa da maɗaurinsa, Malama Shiru na bi tebur-tebur tana nuni da yatsa. Aka cire gawawwaki aka sa masu rai, aka canza kwandansan da ya fashe. Duk teburin da ya kama, sai a yi tafi. Kawu daga inda yake ya riƙa ba da umarni.

"Dogo, juya shi ɗaya gefen! Bari in zo in nuna maka."

Ya yunƙura, waya ta kai ƙarshenta ta dawo da shi.

"Zauna, Kawu," in ji mai tabarau. "Mun iya."

Kafin azahar tebur goma sha biyu suna ja, ɗorawa, kore. Farfesa ya rubuta abin da zai rubuta, ya ce ya daɗe bai ga ɗalibai sun fahimci darasi da idonsu irin na yau ba. Shugaban Sashe ya karɓi damin makullai daga hannun Baba. Kawu ya gyara tsayuwa, ya miƙa hannun da ba a ɗaure ba. Makullai suka wuce ta gaban hancinsa, suna ƙara kacau-kacau, suka sauka a tafin Malama Shiru.

Ta ce, "To."

"Shi kuma wannan," in ji Farfesa yana nuna Kawu, "kar a kore shi. Duk shekara in sababbin ɗalibai sun zo, a sa masa rigar nan ya yi musu tafiya. Sauran ranaku a bar shi a ɗaure."

Baƙi suka fita. Matar Kawu ta shigo, mai aski na biye da ita. Ta tsaya a kansa, ta bi wayar da kallo tun daga wuyan hannunsa har ƙafar tebur.

"Baban yara, wannan ne naɗin?"

"Na cire hular tun a baranda," in ji mai aski. "In kawo maka dusa ko ciyawa?"

Kawu ya ɗaga hannun da ke ɗaure, ya juya shi a haske kamar mai nuna sabon agogo.

"Ku ba ku gane ba. Makulli ai ko mai gadi yana da shi. Amma ku zagaya jami'ar nan kaf, daga farfesa har masinja, ku nuna mini mutum ɗaya da ilminsa ya yi ƙarfin da sai an ɗaure shi don kar ya ƙone kaya."

Matar ta juya masa baya. Ta je ta warware kafet ɗinta, ta duba. A tsakiyarsa ga baƙin tabo inda kwandansa ya yi amai. Ta naɗe shi a hankali, ta dawo wurin Malama Shiru.

"'Yar'uwa, don Allah irin igiyar nan, akwai wadda ba a amfani da ita? Akwai turmi a tsakar gidanmu."

Malama Shiru ta buɗe kabad da sabon makullinta, ta zaɓo mai kauri, ta miƙa mata.

Ƙurunƙus. Ba don igiyar ta gajarta ba, da ya biyo mu nan ya ce shi ya fi iya ba da labarin.